Baba da Fim Ɗinsa Mai Ɗari Huɗu

Ga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Baba ya riga mu komawa ranar wata Laraba cikin damina, bayan ya yi sallar azahar a zaune ya ce a gyara masa matashi. Jinyar ba ta yi tsawo ba, kwana tara ne. Ya haura tamanin, ya ga jikoki, ya ga tattaɓa-kunne, shi ya sa hamdalar da aka yi a gidanmu na Yalwawa ta fi kukan yawa. Kafin rana ta faɗi an kai shi makwancinsa.

Na sha zaman makoki a garin nan na Dutse, amma ban taɓa ganin inda ake zuwa gaisuwar mutuwa da hoto a hannu ba sai a na Baba. Wata tsohuwa daga wajen Jahun ce ta fara. Ta shigo washegari da hantsi, ta durƙusa gaban Inna, mahaifiyarmu, ta yi mata ya haƙuri, aka yi addu'a aka shafa. Sai ta kwance bakin zaninta ta ciro wata leda. Cikin ledar akwai wata ledar, cikin ta biyun kuma hoton wani dattijo ne tsaye a gindin rumbu da damin gero a gabansa.

"Maigidana ne," in ji ta. "Malamin gona, Allah ya jiƙansa, shi ya ɗauke shi hoton nan, shekara biyu kafin maigidan nawa ya rasu. Ba ni da wani sai wannan. Da na ji labari na ce wallahi ko da rarrafe ne sai na zo."

Hoton ya zaga ɗakin hannu zuwa hannu. Ban san wanda ya fita da zancen ba, amma kafin sadakar uku abin ya zama kamar an yi shela. Matan unguwa suna komawa gida suna ɗauko nasu. Wannan ta nuna na sunan ɗanta, waccan ta nuna na ranar da ta dawo daga Hajji tana washe baki don a ga haƙorin Makka. A waje kuma, inda maza suke kan tabarmi, ƙanina ya ce wani Bafulatani ya zo tun daga dajin Miga da hoton saniya. Shi kansa bai fito ba, hannunsa ne kawai riƙe da igiya, amma ya ce ba komai, ai da ma ita ake so. Wani masunci daga Haɗeja ya kawo nasa yana cikin kwalekwale, lokacin da gemunsa bai yi furfura ba. Sai ka ji an yi tsit ana addu'a, can kuma ka ji dariya ta ɓarke, har Gwaggo, yayar Baba, ta ce a ji tsoron Allah, makoki fa ake yi.

Ƙannena kuwa ba a magana. Mu bakwai ne, kuma kowanne cikin shidan da ke bina yana da tarin hotuna tun yana zanin goyo. Sun baje su a kan gado suna tsokanar juna, wane ga ka da majina, wance ga ki da kitson da ya fi kanki girma. Ina gefe ina mulmula wa baƙi gumba, sai autata da ke jami'a ta ɗago kai ta ce, "Mama, ina naki?"

Na ce mata ta tashi ta kai wa mutanen waje ruwa.

Ba ni da shi. Mutumin da ya ɗauki rabin ƙauyukan tsakiyar Jigawa hoto, har da shanunsu, bai taɓa cewa in tsaya ya ɗauke ni ba. Na haura hamsin, ina da jika, amma a ranar nan ina mulmula gumba ina jin haushin abin nan kamar yadda nake jinsa ina 'yar shekara goma. Ina so in san ko Baba ya taɓa dubana da kyau, ko sau ɗaya, kuma wanda zai ba ni amsa ya tafi.

Ni ce 'yar fari, kuma nan ne tushen maganar. Yaran yanzu da suke kiran ɗan farinsu da sunansa gatsal a gaban surukai ba lallai su gane ba. A gidanmu ɗan fari ɗan kunya ne. Uba ba ya ɗaukarsa, ba ya faɗin sunansa, ba ya nuna ya san da zamansa, uwa ma haka. Ana yaye ni Gwaggo ta zo ta goya ni ta tafi da ni gidanta a Miga, inda danga ɗaya ce tsakaninta da gidan Kaka, mahaifiyarsu ita da Baba. Can na tashi, kuma ban rasa komai ba. Gwaggo ta shagwaɓa ni, Kaka ta ƙara lalata ni da ƙuli-ƙuli da kindirmo. In Baba zai ambace ni sai ya ce da Gwaggo "'yarki". In ba ta nan sai ya ce "'yar gidan Yaya". Har ya koma ga Allah ban taɓa jin ya kira ni da wani abu ba bayan waɗannan biyun.

Aikinsa malamin gona, don haka rabin rayuwarsa a kan babur ya yi ta. Ofis ne ya fara ba shi kyamara don ya riƙa ɗauko hoton gonar da tsutsa ta ci ko wadda taki ya karɓa. Da ya ga manoman sun fi geron kyau a hoto, sai ya sayi tasa ta hannu a wajen wani abokin aikinsa, baƙa mai igiyar fata. Tun daga ranar ba ya fita gari sai da ita a wuya, cikin riga, kamar laya.

Duk sanda rangadi ya biyo da shi ta Miga sai ya kwana biyu. Tun daga nesa muke jin ƙarar babur ɗinsa. Ya gaida Kaka, ya ci tuwo, ya wanke hannu, sannan ya ce a fito. Gidan nan kaf sai ya hargitse, mata suna neman kwalli, yara suna shafa man gyaɗa a ƙafa. Ni ma in ci ado in shiga layi. Sai ya sa ido a kyamara, ya ɗan yi jim, ya sauke ta ya ce, "Yaya, 'yarki tana tare min haske. Ce mata ta koma gindin dalbejiya." Wata rana bakin ƙofar Kaka za a tura ni, wata rana wajen turmi. In tafi in zauna na sha kunu, ina jin ƙaras, ƙaras, ana ɗaukar 'ya'yan mutane. Tun ina kuka har na daina shiga layin, ina ganin ya rataya kyamara nake tafiya gindin dalbejiya da kaina.

Baba mutum ne mai magana kaɗan, sai fa in an taɓo zancen fim. Nan kam sai ka nemi wurin zama. Ba ni ake koya wa ba, amma na haddace karatun ta bayan danga, don ya yi wa mijin Gwaggo shi ya fi a ƙirga, mutumin da bai taɓa riƙe kyamara ba kuma bai da niyya.

"Ka ga lambar nan da ke jikin kwali?" haka yake farawa. "Ita ce saurin da fim yake kama haske. Mai ɗari ɗan birni ne. Kalarsa ta fi sumul, ban hana shi ba, amma sai an fitar da shi tsakar rana yake aiki, da ya ga inuwa ya noƙe. Mai ɗari huɗu baƙauye ne irina, duk inda dare ya yi masa nan ne gida. Ka shiga zaure da shi ya yi, ka tsaya ƙarƙashin tsamiya ya yi, hadari ya taso ya yi. Yaro yana gudu, akuya tana tsalle, duk zai tsayar maka da su."

In mijin Gwaggo ya ce to me zai hana a riƙe duka biyun, sai Baba ya girgiza kai. "Kyamara ɗaya gare ni, kuma in ka ɗura mata fim sai ya ƙare zai fito. Da safe ina gona rana ƙwal, da azahar ina zauren mai gari, da la'asar ina ɗakin wata tsohuwa da ba ta iya fitowa. Wanda yake zaune a shago shi yake zaɓar haske. Matafiyi abin da ya tarar da shi zai yi aiki." Ya yarda cewa mai ɗari huɗu yana ɗan yin yashi-yashi in an wanke hoton da girma. Amsarsa ita ce gara fuska mai yashi da baƙin allo. Ya taɓa gwada mai ɗari takwas a wata tafiya, ya dawo ya ce yashin ya yi yawa, kuma ba kowane kanti ake samunsa ba, don haka ya koma wa abokinsa.

Filasha kuwa ko kyauta ba ya so. Cewa yake rashin kunya ce ka shiga gidan mutum ka watsa masa wuta a fuska. Jarirai su tsorata, shanu su firgita, tsofaffi su ce ka ɗauke musu gani. Ya ce mutumin da ya san za a haska shi sai ya sandare ya zama wani daban, shi kuwa mutumin yake so, ba wanda aka sandarar ba.

Wahalar fim ɗin nan Inna ta sha ta. Zafi yana lalata shi, don haka Baba ya samo wani ƙaramin tulu wanda ba a zuba masa ruwa, ya binne rabinsa cikin yashin da ke gindin randa, ya riƙa ajiye fim a ciki cikin leda. Aikin Inna ne ta tabbata yashin nan bai bushe ba. Ta sha cewa ita dai ba ta taɓa ganin inda ake shayar da abin da ba ya tsiro ba. In zai yi tafiya kuma sai ya cusa fim cikin safa, ya sa safar tsakiyar kayan sawarsa, nesa da zafin injin babur. Ƙanina ya taɓa ɗaukar safar ya sa ya tafi makaranta, ya bar fim a kan taga rana ta same shi. Ranar ya ga Baban da bai sani ba.

Yana da rowar hoto, wannan kowa ya shaida. Sau ɗaya yake dannawa. In ka ƙifta ido kai ka sani, haka za a kawo maka shi kana barci a tsaye. Amma a kawo ɗin dole ne. Yana rubuta sunan gari a bayan ambulan, ya zuba hotunan mutanen garin a ciki, kuma ko bayan shekara ne in rangadi ya sake biyowa da shi sai ya tsaya ya raba. Tsofaffi ya fi bi. In ya shiga ƙauye yakan tambayi wa ya fi kowa tsufa, ya je har ɗakinsa. Ya ce matasa suna da lokaci, za su tarar da masu hoto a gaba. Da yawa cikin waɗanda suka zo gaisuwa da hoto, na iyayensu suka kawo.

Sau ɗaya muka taɓa yin faɗa da Baba, shi ma ba mu dubi juna ba.

Lokacin an ba mu jihar Jigawa, an dawo da shi Dutse, ni kuma na yi aure ina koyar da lissafi a wata firamare a nan cikin gari. Ana saura kwana uku Babbar Sallah zan shiga Kano sayayya, sai ga ƙanwata da saƙo. Baba ya ce a gaya wa wadda za ta Kano ta sayo fim biyu, mai ɗari huɗu. Na je kantin, mai kantin ya ce ya ƙare, sai mai ɗari, kuma ya rantse ya fi fitar da kala, shi masu shagon hoto suke saye. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na san bambancin sarai, na san akwai wasu kantunan a layin da ban leƙa ba. Ƙafata ta gaji, rana ta dake ni, kuma wani abu a raina ya ce ina ruwanki, hoton wa za a ɗauka da shi? Na karɓa na jefa a jaka.

Jajibirin Sallah na kai gida. Baba yana zaune kan buzu a bakin ɗakinsa, ni ina tsakar gida na ba shi gefe kamar kullum. Ƙanwata ta miƙa masa ledar. Ya juya kwalin, ya sake juyawa, sannan ya ce da ita, "Tambayar min malamar lissafi, a makarantarsu ɗari da ɗari huɗu ɗaya ne?"

Da na yi shiru da ya wuce. Amma bakina ya riga ni. Na dubi ƙanwata na ce, "Gaya masa ko mai dubu aka sayo, ai ba ni za a ɗauka ba."

Ƙanwata ta tsaya a tsakiya da baki buɗe, ta rasa wanda za ta kai wa saƙo. Inna da ke tankaɗe ta tsayar da rariya. Baba ya ɓare kwalin. Ya buɗe bayan kyamara, ya ɗura fim ɗin a hankali, ya rufe, ya tashi ya shiga ɗaki. A daren Sallah babu inda za a sami wani fim a Dutse, kowa ya san haka.

Abin da ban sani ba shi ne Kaka ce ta aiko. Duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa yarda ɗanta ya ɗauke ta ba, cewa take hoto na yara ne. A shekarar ƙafafunta suka daina ɗaukarta, sai ta aiko a ce masa in ya zo Sallah ya zo da abin nan nasa, ta yarda.

Muka je Miga washegarin Sallah. Ɗakin Kaka na ƙasa ne, taga ɗaya gare shi, ita ma ba ta fi faifai ba. Na shiga na zauna a bakin gadonta ina shafa mata man shanu a ƙafa. Baba ya zo bakin ƙofa ya roƙe ta a ɗauko ta a fito da ita waje, ta ce ita ba buhun gero ba ce, ya ɗauka a nan ko ya bari. Ya daɗe a tsaye. Ya sa aka yaye labule, ya jingina kafaɗarsa da bango don kada hannunsa ya motsa. Ina jira a ce 'yar gidan Yaya ta matsa, ban ji an ce ba, na ɗauka fushi ne ya hana shi ko aiko min da saƙo. Na ji ƙaras sau ɗaya, ya juya ya tafi.

Hotunan waje duk sun fito tas, ragunan layya har ƙahonsu yana ƙyalli. Na Kaka kuwa ƙanina ya ce da ya tambaya, Baba cewa ya yi, "Na Tsohuwa bai fito ba." Bai ƙara ko kalma ba, a ranar ko bayanta. Kaka ta rasu kafin azumi ya zagayo.

Ban taɓa ba shi haƙuri ba, don ban san ta bakin wa zan bayar ba. Abin da na yi shi ne duk shigata Kano sai na sayo mai ɗari huɗu, ko da zan zaga layin nan sau uku, in ba ƙanwata ta kai. Amsa takan dawo, "A ce an gani." Haka muka yi ta yi shekara da shekaru, har fim ya fara wuya, mai wankin hoto na Dutse ya koma sayar da waya, na Kano ma sai an sha tambaya. Baba ya yi ritaya, ido ya yi rauni, ya rataye kyamarar a ƙusa. Bai yi ƙorafi ba. Jikoki suna kewaye shi da wayoyi suna cewa ya yi murmushi, shi kuwa yana yi musu dariya yana cewa wanda yake da hoto dubu a aljihu ran da wayar ta faɗa rijiya zai san ba shi da ko ɗaya. Ya tsufa cikin rufin asiri, yana cin tuwonsa, yana zuwa masallaci da sandarsa, yana gardamar taki da maƙwabta.

Ranar sadakar bakwai, da la'asar, baƙi sun ragu. Gwaggo ta aiko a kira ni ɗakin Inna. Gwaggo ta girmi Baba da shekara biyu, ta rankwafa, amma kunnenta da bakinta suna nan garau. Inna tana zaune a kan tabarma cikin kayan takaba, ta juya fuska wajen bango kamar yadda take yi in na shigo.

"Na ji abin da autarki ta tambaye ki ran nan," in ji Gwaggo. "Na kuma ga yadda kika kore ta. Jawo akwatin ƙarfen can. Ɗaga rigunan. Akwai gwangwanin madara a ƙasa."

Babban gwangwani ne, tsatsa ta ɗan ci murfinsa. Na sa cokali na ɓalle shi. A ciki akwai leda sabuwa fil, a cikin ledar kuma hotuna ne cunkus, an ɗaure su da zare.

Na farko wata yarinya ce a gindin dalbejiya, ta ci ado, ta kumbura baki kamar an ƙwace mata nama. Sai da na dubi zanin jikinta na gane ta. Na biyu ita ce a bakin ƙofar Kaka, ta tallabe haɓa. Na uku tana wajen turmi tana harara gefe. Ga ta da allo a hannu, ga ta da tulu a ka an ɗauko ta ta baya, ga ta da kayan makarantar kwana tana jiran mota. Ga ta da ciki tana tsintar shinkafa a tsakar gidan Yalwawa, ga ta da goyo. Babu ko ɗaya da take kallon kyamara. Kusan duk a inuwa aka ɗauke su, kuma duk sun fito, da ɗan yashi-yashinsu.

"Kowane fim hoto talatin da shida ne," in ji Gwaggo. "Talatin da biyar na jama'a, ɗaya naki. Tun ran da ya sayi abin nan haka yake yi."

Na ce, "Gwaggo, ai cewa yake ina tare masa haske."

"To da me kike so ya ce? Ya ce 'yata zo ki tsaya in kalle ki, a gaban uwarsa? Inda yake so ki zauna yake tura ki, sakarya. Yana gama da layin sai ya ɗan juya kamar yana gyara wani abu. Kin taɓa ganin an watsa miki wuta? Ai da kin gane. Ke kina can kina shan kunu, ni ina nan ina danne dariya."

Na yi dariya hawaye yana zuba, don gaskiya a rabin hotunan nan fuskata ba ta ganuwa don fushi. Shekara arba'in ina jin haushin mutum, ashe shi yana can yana tara haushin nawa a gwangwani.

Na ƙarshe a ƙasa baƙi ne kusan duka. Sai da na matsa bakin ƙofa na karkata shi sannan na ga ɗan hasken taga, da farin kallabi, da wata inuwa a sunkuye a bakin gado. Ɗakin Kaka ne, da fim ɗin da na sayo. Ashe ba fushi ne ya hana shi cewa in matsa ba. Mu biyun yake so a hoto ɗaya, kuma damar ba ta sake zuwa ba.

Sauran hotunan sunan gari kawai ya rubuta a bayansu, Miga, Miga, Dutse. Na juya wannan. Da rubutunsa na ofis ɓaro-ɓaro ya sa, "Uwata da 'yata."

Na karanta a zuci, sannan na karanta a fili, don Gwaggo ba ta yi boko ba. Ta ce in sake, na sake. Ta gyaɗa kai ta ce, "Ashe ya iya faɗa."

Inna ba ta juyo ba. Ta gyara mayafinta, ta yi magana tana fuskantar bango, kuma da Gwaggo take, ba da ni ba.

"Yaya, ce wa 'yarki ta riƙa canja ledar duk damina. Gara ba ta da kunya. Ni nake canjawa."

Na ce, "Gwaggo, a ce an ji."

Na rungumi gwangwanina na fito tsakar gida, na ƙwala wa autata kira na ce ta zo ta ga nawa.

Ya Allah, bawanka ya zo maka. Ya shiga ɗakunan tsofaffi da sallama, bai watsa wa kowa wuta a fuska ba, kuma abin da aka ba shi amana ya mayar wa masu shi. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa makwanci, ka haskaka masa shi, ka haɗa shi da Kaka a gidan rahama. Mu da muka rage ka kyautata namu ƙarshen. Amin.